Shekarar da Na Janye Hukuncina a Kan Karsanar Ɗanladi

Ku 'ya'yana, akwai maganar da na ji tana yawo a tsakaninku, har ta fara kaiwa kunnen jikoki, wai yayarku Uwani ta dawo daga ƙasar waje ta kunyata ni a gaban mahauta. Ba haka aka yi ba. Zan tsara muku abin daki-daki yadda ya faru, tun ina iya riƙe biro, don kada bayan raina wani ya ƙara masa abin da babu.

Kun san aikina. Malamin dabbobi ne ni a nan Birnin Gwari tun kafin a haifi yawancinku har na yi ritaya. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma abin da aka koya mini na riƙe shi da kyau. Da sassafe ina kwata ina duba naman da aka yanka, huhu da hanta da saifa, kafin a bari ya shiga kasuwa. In rana ta ɗaga sai in hau babur in bi rugage da ƙauyuka, har Damari da Kutemeshi, lokacin da mutum ke iya ratsa dajin nan shi kaɗai ba fargaba. Babbar cutar shanu a wajenmu ita ce sammore, wadda ƙudan tsando ke kawowa daga kurmi. Saniya ta fara zazzaɓi, gashinta ya tashi, jininta ya riƙa ƙarewa, ta yi ta ramewa har ta faɗi. A kan wannan cuta ina da ƙa'ida da na gada daga tsohon ogana, kuma ban taɓa karya ta ba. Da farko in yi wa saniya allura. In an kwana uku in dawo in laluba kaluluwar da ke gaban kafaɗarta. In ta sauka, magani ya ci. In kuwa ta ƙara girma, sai in ce wa mai ita magani bai karɓe ta ba, a kai ta wuƙa tun da sauran nama a jikinta, kada ta mutu mushe. Duk wadda aka yanka da hukuncina ni nake buɗe ta, kuma kullum sai in tarar da kaluluwa ta kumbura, saifa ta yi girma. Sai in rubuta a littafina, in ƙara sakankancewa cewa daidai na yi. Har ya zama a garin nan idan aka ce Malam ya laluba, an gama magana.

Shekarar da nake ba ku labari na riga na ajiye aiki, amma mutane ba su daina sallama a ƙofar gidana ba. Ita ce shekarar da ɓarayin daji suka matsa wa yankin Kakangi. Ɗanladi, manomi ne Bagware daga can, Kirista, na san shi tun yana yaro yana riƙe mini igiya in na je duba shanun mahaifinsa. An shiga ƙauyensu an kore garken gidansu gaba ɗaya. Abin da ya tsira karsana ce guda, fara mai baƙin kunne, wadda ta ɓalle ta sauka rafi tun kafin mutanen su iso. Ɗanladi ya jawo ta a ƙafa har cikin gari, matarsa Laraba na biye da kaya a ka. Na ba su ɗakin nan na can baya da yanzu muke zuba masara, aka kafa wa karsanar turke a gindin mangwaro. Duk wanda ya ga yadda Laraba ke tashi ta yanko mata ciyawa kafin ta hura wutar kokonsu, ya san a kan karsanar nan suka ɗora duk abin da ya rage musu na fatan komawa yadda suke.

Ba su yi wata guda ba karsanar ta kwanta. Kwanan da ta yi a rafi ne, tsando ya same ta. Na yi mata allura da hannuna. Ranar kwana na uku na laluba, na ji kaluluwar ta cika mini tafin hannu, ta fi yadda na bar ta. Na wanke hannu na gaya wa Ɗanladi abin da na saba gaya wa kowa. Bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce yadda na gani. Na aika wa Ilu mahauci, sa'ana ne kuma abokin tsokanata tun a kwata, cewa jibi ranar kasuwa ya zo da safe da igiya.

Washegari Uwani ta iso, cikin ayarin motocin da sojoji ke rakowa daga Kaduna. Kun san sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na kama sunanta na yanka. A nan dole in faɗi gaskiya a kaina: ban ji daɗin hanyar da karatunta ya bi ba. Na so ta zama cikakkiyar likitar dabbobi, ta kai inda ni ban kai ba, ta dawo ta tsaya a kan shanu. Sai na ji wai tana wata jami'a a ƙasar waje tana aiki da ɓeraye. Mahaifiyarku har suna ta sa mata, likitar ɓeraye, kuma duk sanda aka faɗa a tsakar gida ban taɓa tsawatarwa ba. Ban taɓa tambayarta me take yi da ɓerayen ba. Wannan laifina ne.

Bayan ta gaishe ni ta ci abinci, ta zaga baya ta tarar da Laraba zaune kusa da turke tana share ido da bakin zane. Ina daga nesa ina kallo. Ta tambayi abin da ya faru, aka gaya mata. Ta matsa wajen karsanar ta laluba kafaɗa kamar yadda nake yi, sannan ta ja fatar idonta ƙasa ta duba, ta ɗaga leɓe ta duba dasashi, ta tsaya ta daɗe tana kallon bakin dabbar. Sannan ta koma cikin gida. Ku lura da wannan, domin shi ne abu na farko da masu ba da labari ke tsallakewa. A gaban Laraba da Ɗanladi ko uffan ba ta ce a kan hukuncina ba.

Sai bayan la'asar, na dawo daga masallaci, ta yi sallama a ɗakina da kwamfuta a hannu. Ta durƙusa ta ce, in ba zan damu ba, tana so ta nuna mini aikinta, tun da ban taɓa gani ba. Mahaifiyarku ta biyo ta da tsintar shinkafa a faranti ta zauna bakin ƙofa. Uwani ta fara bayani, kuma ta bi shi a jere yadda nake so. Ta ce a jinin kowace dabba akwai fararen ƙwayoyi, sojojin jiki, su ke fita yaƙi in cuta ta shigo. Wannan na sani tun a kwas. Ta ce matsalar ita ce hoton eksire, irin wanda ake yi wa mai karaya a asibiti, ƙashi yake nunawa, ba ya ganin waɗannan ƙwayoyi saboda ƙanƙantarsu da taushinsu. To sai su ɗebi ƙwayoyin daga jikin ɓera, su ajiye su cikin wani ruwa mai ƙurar zinariya, ƙura mai laushin da ido ba ya gani. Ƙwayoyin su haɗiye ta. Sannan a mayar da su jikin ɓera ta allura. Zinariya kuwa tana tare hasken na'urar fiye da ƙashi, don haka duk inda ƙwayoyin suka taru sai wurin ya fito fari tas a hoto.

Mahaifiyarku ta ajiye farantin.

"Zinariya? Mutane na can rami na ruftawa da su a dajin nan saboda ita, ku kuna ɗura wa ɓera?"

Uwani ta yi dariya ta ce duk wadda suke amfani da ita a shekara ba za ta yi wa Inna ɗan kunne ɗaya ba. Sannan ta buɗe hoton farko. Na sa tabarau. Ga ɓera kwance, ƙasusuwansa sirara kamar na kifi, ga wani ɗigon fari a tafin ƙafarsa ta baya, inda aka yi allurar. Ta ce wannan rana ta ɗaya. Ta wuce na biyu: farin ya ragu a tafin, ya bayyana a bayan gwiwa. Na uku: ya taru ya yi dunƙule a matsematsi, wani kuma a hammata. Ban jira ta faɗa ba, na ɗora yatsa a kan gilashin na ce kaluluwa ce. Wuraren nan yatsuna sun san su a jikin saniya ko da ido rufe. Ta ce ita ce. Ta ci gaba, dunƙulen ya ƙara haske, ya tsaya, sannan a hotunan baya ya fara watsewa, ƙwayoyin suna fita suna nufar inda ciwon yake. Na tambaye ta abin da duk mai irin aikina zai tambaya, ɓera nawa suka yanka kafin su haɗa jerin nan.

"Ko ɗaya, Baba. Ɓera ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Mukan sa shi barci na ɗan lokaci, a ɗauki hoton, ya farka ya koma cin abincinsa. Da ransa na baro shi."

Ta ce a da su ma yanka suke yi, yau a buɗe wasu, gobe a buɗe wasu, a haɗa labarin da guntu-guntu daga dabbobi dabam-dabam. Yanzu suna bin dabba guda daga farkon ciwo har ƙarshensa. Na ce ta mayar da hotunan baya. Ta mayar. Na sa ta sake wucewa da su a hankali, sau uku. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hoton rana ta uku. Da ɓeran nan ya zo hannuna a wannan ranar, na laluba na ji dunƙulen nan, da wuƙa zan ce. In na buɗe shi kuma zan tarar da kumburin da na yi tsammani, in rubuta cewa na yi daidai. Shekara da shekaru ina buɗe shanu, amma rana ɗaya tak nake gani a rayuwar kowace, ranar da aka yanka ta. Abin da zai faru a rana ta huɗu da ta takwas, wuƙar ta riga ta hana ni gani.

Na tambaye ta kai tsaye ko tana nufin karsanar za ta tashi. A nan ne na ƙara ganin girman yarinyar nan, domin ba ta yi mini daɗin baki ba, ba ta kuma yi alfahari da na'urarta ba.

"Ban sani ba, Baba. Ɓera dabam, saniya dabam, kuma ba sammore muke bi a hotunan nan ba. Abin da zan iya cewa kawai, kumburin yana nuna ana fafatawa a wurin. Bai nuna wa ke cin nasara ba. Amma na duba idonta, da sauran ja, kuma tana tuƙa. Kai ka fi ni sanin shanu."

Ta rufe kwamfutar ta fita ta bar ni. Na auna abin ta kowane gefe. In na bar hukuncina, gobe Ɗanladi zai sami abin da zai riƙe iyalinsa na ɗan lokaci, amma shi da shanu sun rabu ke nan. In na janye kuma karsanar ta mutu, ya tashi ba nama ba saniya, kuma da bakina na jawo masa. Ga kuma sunana, wanda ba zan ɓoye muku ba, na yi tunaninsa fiye da yadda ya kamata. Kafin magariba na zaga baya na kira Ɗanladi da Laraba. Na gaya musu cewa abin da na faɗa jiya ban tabbata da shi ba kamar yadda na nuna, na bayyana musu hatsarin jira da na yanka, na ce dabbarsu ce, su zaɓa. Ɗanladi ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce tun yana yaro ni ke faɗa su bi, yau kuma shi zai zaɓa? Laraba ta yi masa magana da Gwaranci, gajeriya, da ɗan zafi. Ya juyo ya ce ta ce a jira. Na ce to da sharaɗi ɗaya: wuƙata za ta zauna a kusa, in na ga karsanar za ta faɗi ni zan yanka da kaina, don naman ya halatta ya shiga kasuwa.

Da safe ga Ilu da igiya a kafaɗa, da mahauta biyu a bayansa, ga maƙwabta sun fito kallo. Uwani tana ciki tana taya mahaifiyarku wanke-wanke, ko leƙowa ba ta yi ba. Wannan shi ne abu na biyu da ake tsallakewa. Na tare su a ƙofar gida na ce an fasa. Ilu ya tambayi dalili, na gaya masa a taƙaice. Ya saki igiyar ƙasa ya dubi mutanensa.

"Kun ji fa. Shekara nawa Malam na hana mu nama da yatsa biyu, yau ɓera ya ba shi fatawa. Malam, ɓeran nan wane gari ya yi karatu?"

Aka yi dariya, har ni na ɗan murmusa, don Ilu ba da mugunta yake yi ba. Amma na ga in na tsaya a wasa, gobe wani zai zo in laluba masa saniya ya ɗauki maganata kamar da. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku saurara. Hukuncin kwana uku da na daɗe ina yankewa, daga yau na ajiye shi. Ba ni da tabbacin daidai ne. Ba wanda ya tilasta ni, ni na gani da idona."

Dariyar ta tsaya. Ilu ya ɗauki igiyarsa ya ce Allah ya ba ta lafiya, in kuma ba ta samu ba, ya san hanyar gidan.

Daga ranar na koma yin abin da na gani a kwamfuta, da kayan da nake da su. Ba ni da na'ura, ina da zare. Kowace safiya bayan na karya, in zagaya kaluluwar da farin zare, in ƙulla inda ya haɗu, in duba ido da dasashi, in tambayi Laraba abin da ta ci da abin da ta sha, in rubuta a sabon shafi. Rana ta biyar da yin allura na yi awon farko. Rana ta shida zaren ya fi na jiya tsawo. Ran nan Uwani ta koma, don ayarin motoci ba ya jiran kowa. Da ta zo sallama ta ce in ci gaba da aunawar ko me ya faru, domin ko karsanar ta mutu shafin zai yi amfani. Rana ta bakwai dabbar ta ƙi dusa, ta kwanta ta miƙe wuya. Na ɗauko wuƙa na wasa ta, na zauna a kan turmi kusa da ita tun hantsi har azahar. Ɗanladi ya kasa tsayawa, ya fita. Ilu ya biyo ta ƙofar gida ya aiko a tambaya yaya mai jiki. Sau biyu na miƙe da niyyar yankawa, sau biyu ina jan fatar idon ina ganin jan nan bai gushe ba, sai in koma in zauna. Da la'asar ta janye wuyanta ta fara tuƙa. Rana ta tara na zagaya kaluluwar da zaren jiya, ƙullin ya wuce inda ya kamata ya tsaya, har da sarari, alamar ta fara sauka. Na sake aunawa don kada ya zama hannuna ne. Rana ta goma sha biyu ta miƙe da kanta ta ja igiya tana neman ciyawar da ke hannun Laraba.

Ba zan ce muku hoton ɓera ne ya warkar da ita ba. Allah ne ya warkar, allurar da na yi ta yi aikinta, jikinta kuma ya yi nasa. Abin da hoton ya yi shi ne ya ɗauke hannuna daga wuƙa har aikin ya kammala. Ba kuma zan ce abin ya zo mini kyauta ba. Bayan sati biyu, ina zaune a zaure, Ɗanladi ya shigo ya yi godiya mai tsawo. Har ya miƙe zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa, yana murza hularsa.

"Malam, kada ka ji haushi. Jan bijimin babana da ka laluba a Kakangi, shekarun baya, wanda aka yanka... shi ma da an jira?"

Na tuna bijimin sarai. Yana cikin littafina, da ranarsa, da abin da na tarar a cikinsa. Na ce masa ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Ya gyaɗa kai ya fita. Littattafan nan suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Wasu daga cikin shanun da ke ciki da sun mutu ko an jira, wannan ba na shakka. Wasu kuwa da sun tashi. Ba ni da hanyar rarrabe su, kuma da wannan nake zaune har yau. Masu zuwa in laluba musu ma sun ragu daga shekarar, don mutane sun fi son wanda zai yanke musu magana a kan wanda zai ce a dawo gobe a sake aunawa.

To kun ji yadda aka yi. Yayarku ba ta ɗaga murya a kaina ba, ba ta gyara mini magana a gaban kowa ba, ba ta ma ce na yi kuskure ba. Ta jira na kaɗaita, ta nemi izini, ta jera mini hotuna ta bar ni na karanta da kaina. Na yi aiki a ƙarƙashin likitoci da yawa, ban ga wanda ya haɗa sani da ladabi kamar haka ba. Daga ranar kuma na hana sunan nan na likitar ɓeraye a gidana, har ga mahaifiyarku.

Ranar da karsanar ta miƙe, na sa aka kira mini Uwani a waya. Tana ɗauka ta fara gaisuwa, na ce ta dakata. Na buɗe shafin na karanta mata shi tun daga ranar awon farko, tsawon zare, launin ido, abin da aka ci, rana bayan rana, ban tsallake ko ɗaya ba. Ba ta katse ni ba har na kai ƙarshe. Sannan ta ce in sa a ɗauki hoton shafin a aika mata, tana so ta nuna wa abokan aikinta. Sai da na ajiye wayar mahaifiyarku ta ce ta lura a tsaye na yi karatun. Ban ankara ba. Haka na saba tsayawa in ina ba ogana rahoto.